Tallar Bayan Magariba

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya san irin gidajenmu ya san abin da wannan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba faɗa muka yi ba, ba kuma ƙi na take yi ba, kunya ce irin ta mutanen da, ita kuma ta ɗauke ta da ƙarfi, don 'yar makiyaya ce daga wajen Faru, aure ya kai ta Dakko. Ana yaye ni aka miƙa ni ga goggona a Talata Mafara, wadda take auren mahauci, shi ya sa na tashi da wuƙa a hannu maimakon fartanya. In na je Dakko gaisuwa a bakin ƙofa nake durƙusawa, ita tana ciki ta juya gefe, ina gaisuwa tana amsa wa bango. In maganata ta kama dole sai ta ce "wancan na Mafara". Ƙannena kuwa kwano ɗaya suke ci da ita, su yi mata tsiya ta kai musu duka da mafici ana dariya, ni ina waje ina ji. Na yi aure, na tara iyali, furfura ta fara leƙo mini a gemu, ban taɓa zama ɗaki ɗaya da mahaifiyata na tsawon shan fura ba. Abin yana ci mini rai ƙwarai, ban dai gaya wa kowa ba, don in na faɗa dariya za a yi mini.

Sai yanar ido ta kama ta. Da farko ta ce tsufa ne a bar ta, har sai da ta kai tana zuba gishiri a kunu, sannan ƙannena suka yi mata taron dangi aka ɗauko ta. Aka yi mata aiki a Mafara, likita ya ce lallai ta zauna kusa har ya gama duba idon. Kusa kuwa gidana ne! Allah ya gafarta mini, ciwo ne ya kawo ta, amma ranar da na ji wannan hukunci bakina har kunne. Na sa aka yi wa ɗakin baƙi fenti, na sayo katifa sabuwa da buta sabuwa, na riƙa ware mata hanta da ƙoda tun daga kwata kafin masu tsire su sa ido. Matata tana kallona ina kai da kawo kamar mai jiran amarya, ta ce in zauna kada in fasa mata kwanoni.

Ranar da aka cire mata auduga, abin da ta fara gani shi ne labulen ɗakin, ta ce ba a wanke shi da kyau ba. Muka yi ta murna kamar an yi haihuwa. Ta kalli jikokinta ɗaya bayan ɗaya tana faɗin wanda ya ɗauko hancin wane, ta kalli matata ta ce ashe ta yi ƙiba. Ni da nake tsaye a bakin ƙofa, idon nan sabo ful ya zo kaina ya tsallake, ya sauka a kan buta.

A lokacin ban daɗe da sa sola a gidan ba, don na gaji da wutar gari da take zuwa ta gaishe mu ta koma. Farantan solar suna kan rufi, batura da akwatinsu suna tsakar gida a ƙarƙashin tagar falo, na yi musu ɗan keji saboda awaki. Talabijin kuma yana falo, kuma tsarin gidana shi ne ba a kunna shi sai an idar da sallar magariba, a ci tuwo ana kallo, in an kira isha a kashe. Lokacin iyali ke nan, lokacin da babu wanda yake tsammanin ganin abin da zai sa shi sunkuyar da kai.

Shanu ne suka fito da Inna. Wani maraice ana nuna wata ƙasa mai ciyawa shar, da wasu shanu masu roɗi-roɗin fari da baƙi, ana tatsarsu da inji. Ɗaya ta yi kuka, sai ga Inna ta ɗaga labule da tasbaha a hannu. Ta tsaya a ƙofa tana kallo, ta ƙara matsowa, matata ta yi maza ta shimfiɗa mata tabarma. Ni ina can lungu a kan kujera, na sulale ƙasa a hankali, don ba zan zauna sama da ita ba. Ina jiran ta lura da ni ta koma. Ta lura sarai, na ga kafaɗarta ta motsa, amma shanun sun fi ƙarfinta. Ta zauna, ta ba ni rabin baya.

"Wagga saniya ba ta da tozo," in ji ta, tana magana da matata. "Ki tambayi masu sanin shanu, halan haka Allah yay yi su ko yanke musu aka yi?"

Matata ta juyo ta kalle ni tana danne dariya. Na gyara murya na kalli bango, na ce wa bangon haka aka halicce su, irin na ƙasashen sanyi ne, nono gare su amma ba su jure tafiya.

"To," in ji Inna. "Ragwaye na ke nan."

Wallahi a ranar ban san yadda na yi sallar isha ba don daɗi. Na yi magana, mahaifiyata ta amsa! Ta bango aka bi, amma ta amsa. Washegari a kwata sai da abokan aiki suka tambaye ni ko gado na ci, don ina fiɗa ina waƙa.

Daga nan abin ya zama kullum. Akwai wani wasan kwaikwayo da ake yi a wannan lokacin, na wani dillali maƙaryaci da yake sayar da sa ɗaya ga mutum biyu, Inna ta ɗauki gaba da shi kamar maƙwabcinta ne. In ya fito sai ta nuna shi da yatsa ta ce wannan ba zai gama lafiya ba. In zai cuci wani sai ta ɗaga murya ta gargaɗi mutumin, in bai ji ba ta yi tsaki ta ce shi ma sakarai ne. Da yara suka cika canza tasha, sai ta karɓe rimot ɗin, ta sa aka naɗe shi a leda kada miya ta taɓa shi, ta riƙa danne shi a ƙarƙashin gefen zanenta. Ba ta san abin da ake dannawa ba, ita dai ta san in yana wurinta babu mai taɓa mata dillalinta.

Ni kuwa na daina tsayawa hira a ƙofar masallaci. Ana sallame magariba sai in zari takalmi, har liman ya tambaya ko lafiya. In shigo in zauna a lunguna a ƙasa, in ci tuwona a ɓoye a bayan kujera, in yi ta kallon bayan kan Inna da gefen kumatunta in tana dariya. Ban taɓa sanin tana da wushirya ba sai a lokacin. Tambayoyi kuma suka yi ta zuwa ta hannun matata: a tambayi masu zuwa kara, wato kasuwar shanu, ko da gaske haka dillalai suke yi, a tambayi masu yawo ko motar nan da aka nuna tana zuwa Bakura. Masu zuwa kara da masu yawo duk ni ne, kuma ina amsawa da tsayi yadda zan iya, har da ƙari. Na fara lissafin yadda zan lallaɓi likita ya ce idon bai gama warkewa ba sai bayan damina.

Ana cikin haka, wani maraice dillali ya shiga hannu, an kama shi da igiyar sa, Inna har ta gyara zama tana cewa yau dai yau ne, sai aka yanke wasan aka ce za a ji daga masu ɗaukar nauyi. Mun saba da wannan, ko tallar taki ko ta omo ko ta makaranta. Sai muka ji kalangu. Ni mahauci ne, kalangu kiɗanmu ne, jikina har ya fara amsawa, na ce a raina yau masu nama ne suka sayi fili. Sai ga wani mutum da hula zanna da kwalba a hannu, yana murmushi kamar ya san sirrin kowa. Ya yi sallama cikakkiya, har da salati, sannan ya buɗe baki.

Na yi shekaru a kwata, inda ba a san tauna magana ba, amma abin da mutumin nan ya faɗa ko a can sai an duba hagu da dama. Maganin maza yake sayarwa, kuma bai tsaya ga cewa maganin maza ne ba, wanda ya gane ya gane. Sai da ya bi abin da yake tsakanin miji da mata daki-daki, ya faɗi abin da yake kasawa da yadda yake kasawa da abin da uwargida take cewa a ranta. Aka nuno wata mata a bakin gado ta juya baya tana hura hanci, aka nuno kwalbar, aka sake nuno matar tana fari da ido tana gyara ɗaurin zane. Kalangu kuma yana ta tashi a ƙarƙashin maganar, kiɗan iyayen gidana da ake yi wa sa ranar jajibirin salla.

Wanda ba namu ba zai ce, to me ya hana a kashe? Ga abin da ya hana. Rimot yana ƙarƙashin zanen Inna, babu mai kai hannu can. Soket yana bayan talabijin, in zan kai gare shi sai na ratsa ta gabanta. Kuma babban abin shi ne, duk wanda ya fara motsi ya nuna ya gane abin da ake faɗa. In na tashi na kashe, na gaya wa mahaifiyata ke nan cewa na san wannan zance. In ita ta miƙo rimot, ta gaya wa ɗanta na fari ke nan cewa ta san shi. Matata kuma suruka ce, ita ce ma ta fi kowa shiga uku. Sai muka zauna mu uku manya, kowa ya zama kurma. Matata ta dage da kallon cikin kwanon miya, Inna ta kafa wa tabarma ido tana jan tasbaha da sauri, ni kuwa gumi ya karyo mini, ina roƙon Allah ya kawo tsawa ko gobara ko ɓarawo. Mutumin bai gaji ba, ya karanta lambar waya, ya maimaita, ya ce kowane magidanci yana bukatar kwalba ɗaya a ƙarƙashin matashi.

Da a nan ya tsaya, da wataƙila mun haɗiye mun yi kamar ba a yi ba. Sai 'yar autata, wadda ko makaranta ba ta shiga ba, ta juyo da tuwo a baki ta ce da ƙarfi, "Baba, kai ma kana da taka?"

Inna ta miƙe. Ta ce an kira isha, alhali ko ladan bai taɓa lasifika ba. Ta fita ba ta ɗauki takalmanta ba, rimot ya faɗo daga zanenta ya tsaya a tsakiyar tabarma cikin ledarsa. Aka dawo da wasan, aka yi wa dillali hukuncin da ta daɗe tana jira, babu wanda ya kalla.

Washegari ba ta fito ba. Jibi ma haka. Ta ce hasken akwatin yana sa mata ruwan ido. Da safe in na durƙusa a ƙofarta, amsar da nake samu ta koma guntuwa fiye da ta Dakko. Sannan ta aiko matata ta gaya wa "mai gidan nan" cewa ido ya warke, a nemo mai babur ya mai da ita gida, akwai kajinta da ba ta san halin da suke ciki ba. Likita bai sallame ta ba, kajin kuma na san ƙanwata tana kula da su.

Raina ya ɓaci, irin ɓacin da in ban yi wani abu ba zan fashe. A kwata na ba da labari, ban da zancen 'yar auta, mahauta suka yi ta dariya har wani ya yar da wuƙa, amma da dariya ta lafa sai ga shi kowa yana da nasa. Wani ya ce a gaban surukinsa aka yi masa, ya tashi ya shiga banɗaki ya ƙi fitowa. Wani ya ce shi ya koya wa kansa tari, da an fara sai ya yi ta tari har a gama, yanzu matarsa tana neman kai shi asibiti. Na ce ni ba zan yi tari ba, zan kira mutumin. Lambar ai ta zauna mini a ka, tunda sau nawa ya karanta mana ita.

Na koma bayan rumfa na kira. Wani ya ɗauka da fara'a. Ban ko amsa gaisuwarsa da kyau ba na hau shi: ba ku da iyaye ne, ba ku da 'ya'ya, duk tsawon dare bai ishe ku ba sai lokacin da mutane suke cin tuwo da uwayensu, kuma wa ya ba ku izinin kalangu? Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ce, cikin tausayi, ya gane matsalata, yawan fushi yana daga cikin alamomin, in na ɗauki kwalba biyu za a kawo mini har Mafara kyauta. Na kashe wayar na tsaya ina huci, sai kuma dariya ta kufce mini ni kaɗai, don in ban yi dariya ba jefa wayar zan yi a kwatami.

Na dawo gida da shawarar canza tasha gaba ɗaya. Na zauna da rana na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wata tana da tallar man shafawa da mace a cikin kumfa, wata tana da tallar kayan mata da ta fi ta mazan rashin kunya, wata kuma ana gama wa'azi sai ga mai hula zanna da kwalbarsa. Ban da haka ma, dillalin Inna a tasha ɗaya yake. Na ce to zan riƙe rimot da kaina, da na ji kalangu in danne. Matata tana tankaɗe a tsakar gida, ta saurare ni har na gama, sannan ta ajiye rariya.

"Baban yara, kai ba ka gane ba har yanzu," in ji ta. "Inna ta ji abin da yaf fi wanga wurin biki, cikin mata, har ita ka ba da amsa a yi shewa. Ba talla tak kore ta ba. Kai na. In ka danne gabanta, ai ka hwaɗa mata ka san abin da za a ce."

"To mi za ni yi? In mutu?"

"A'a. Ka hita dai."

Maganar ta soke ni, don na san gaskiya ce. In ina falo Inna ba za ta shigo ba, in ba ta shigo ba za ta koma Dakko da ido rabi da rabi, ni kuma in koma durƙuso a bakin ƙofa har ƙarshen rayuwa. Na zauna a kan turmi ina kallon ƙasa. Da na ɗago, abin da yake gabana shi ne kejin batura a ƙarƙashin tagar falo, da ɗan makunnin nan ja da mai haɗa sola ya nuna mini ya ce in an danna shi gidan duka zai mutu. Na miƙe tsaye har turmin ya faɗi. Na ce wa matata ta je ta gaya wa Inna cewa mai gidan nan ya ce falo ya yi masa zafi, daga yau a waje zai riƙa cin tuwonsa.

A maraicen nan na shimfiɗa buzu a gindin taga, na jingina da bango, kwano a gabana, hannuna ɗaya a cikin keji. Aka kunna, kiɗan wasan ya tashi. Shiru, shiru, sai na ji ƙarar takalmanta, ta tsaya a ƙofar falo tana tambaya ko an saki dillalin ne. Ta shiga! Na dunƙule hannu na doki iska kamar yaro a gidan kallon ƙwallo. Aka yi ta wasa, tana ta faɗa da mutanen ciki, ni kuma na kasa kunne kamar mai jiran kiran sunansa a asibiti. Da aka ce za a ji daga masu ɗaukar nauyi na ɗora yatsa. Kalangu ya yi bugu ɗaya, na danna. Gidan ya yi ɗif.

"Af, an ɗauke wuta," in ji matata, da murya kamar gaske.

Babban ɗana ya fara cewa ai sola ce, ba a ɗauke ta, sai na ji ya yi ƙara, alamar an murɗe masa cinya. Inna ta ce, "Haka suka yi, ba su da tabbas." Ita da ta sa aka zagaya da ita ranar da ta fara gani, aka nuna mata farantan nan a kan rufi, aka yi mata bayani cewa rana suke sha. Ta sani, matata ta san ta sani, ni ma na sani, kuma babu wanda ya ji kunyar kowa. A rayuwata ban taɓa jin daɗin ƙarya irin wannan ba.

Saura sanin lokacin da zan maido. A nan maƙwabcina ya yi mini rana ba tare da ya sani ba, don shi ma tashar yake kallo, kuma daga inda nake zaune sautinsa yana tsallako katanga kaɗan-kaɗan, ba ya kai wa cikin falo. Don haka ni kaɗai nake shan tallar daga farko har ƙarshe, kullum, har na haddace ta fiye da mai ita. Da na ji kiɗan wasan ya dawo sai in danna, yara su yi ihu an kawo wuta, Inna ta ce madalla. Zancen babur da kaji bai sake tasowa ba.

Ban koma falo ba, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini ciwo. Na rasa wushiryar, na rasa gefen kumatun, sauro kuma ya same ni a bagas. Amma sai wani abu ya fara faruwa a cikin duhun nan na ɗan lokaci. Tunda babu abin kallo, Inna sai ta riƙa ba yara labari. Ta ba su labarin rugarsu a wajen Faru, da wata saniya mai taurin kai da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai ita, da yadda aka kawo ta Dakko a kan jaki tana kuka, da shekarar da ruwa ya ci gonar kakansu. Falon nan ƙarami ne, yara suna gabanta, amma muryar da take ɗagawa ta fi ƙarfin falon, kuma na lura tabarmarta tana matsowa wajen taga. Wata rana har ta ce, in akwai masu sanin hanya a kusa, su faɗa wa yara ko har yanzu ana bi ta garin Tsibiri in za a je Faru. Na amsa wa kejin batura cewa ana bi, sai dai da damina babur yake wahala. Na fara jin haushin maƙwabcina in tallar ta ƙare da wuri.

Likita ya sallame ta daga baya, ya ce ido ya yi kyau, kuma wannan karon babu abin da zan ce. Ƙanena ya aiko cewa zai zo da safe ya ɗauke ta. A maraicen ƙarshe na zauna a buzuna, tuwon ma ban iya ci ba. Kalangu ya buga, na danna, matata ta faɗi abin da ta saba faɗa. Na jira labari, ban ji ba. Ƙarar tasbaharta kawai nake ji. Can sai ta yi gyaran murya, kuma muryar a daidai taga take, kusa da kaina har na ji kamar in miƙa hannu.

"Shi wanga mai ɗauke wuta," in ji ta, a hankali, "ban san ko wane na ba. Amma ko wane na, an haihe shi da kunya, kuma uwatai ta gode. Allah shi yi mai albarka. Allah shi ba shi ɗiyan da za su tsare mai hwuska. Ku ce amin."

Yara suka ce amin da ƙarfi, su a wasa suka ɗauka. Matata ta ce amin. Ni kuwa in na amsa na tona kaina. Sai na ɗaga hannuwa biyu na shafa a fuska, na bar su a can, ƙato da ni, mai kayar da sa, ina kuka a gindin taga kamar an yaye ni yau.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Kiɗan wasan ya dawo a gidan maƙwabci ban ji ba, aka ci rabin abin da ya rage ban ji ba. Sai da yara suka fara ƙorafi cewa yau wutar ta daɗe, sannan na ji Inna tana ce musu su yi haƙuri, su ƙyale shi, zai kawo in ya shirya.